Bayan ruwa ya ɗauke: me za ka jefa wa kifin bas a ƙarƙashin dandamalin jirage?

Kifin bas mai faɗin baki shi ne kifin da Amurkawa suka fi kashe wa kuɗi a tafkunansu. Ba don nama ake binsa ba, domin yawancin masu kama shi awo kawai suke yi, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Girmansa ma bai taka kara ya karya ba idan aka ajiye shi kusa da giwan ruwa. Mafi girma da aka amince da shi a tarihi shi ne wanda George Perry ya kama a tafkin Montgomery na jihar Jojiya a 1932, kilo 10 da ɗan ɗoriya, sai a 2009 wani ɗan Japan, Manabu Kurita, ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa. Amma tun da Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na Arkansas a 1967, ya kuma kafa ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S. shekara guda bayan haka, kamun bas ya zama kasuwa mai zaman kanta. A irin waɗannan gasanni ba a yarda a maƙala tana ko ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya ba. Sai dai abin yaudara na roba, ƙarfe ko katako. Shi ya sa idan ka shiga kantin kayan fatsa a Atlanta ko Houston za ka tarar da bango guda cike da su, har ka rasa na ɗauka.

Wurin da sabon shiga ya fi saurin dacewa da bas shi ne dandamalin da masu gidajen bakin tafki ke ginawa don ɗaure jiragensu. Akwai inuwa a ƙarƙashi. Gansakuka na kama ginshiƙai, ƙananan kifaye na zuwa cin gansakukar da ƙwarin da ke cikinta, shi kuma bas ya laɓe yana jiransu. Lokacin da ya fi rikita mutane a wannan wuri shi ne bayan an yi ruwan sama, domin abin da ya yi aiki jiya da yamma zai iya zama banza yau da safe.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ruwan sama bai da wani abin yaudara nasa na musamman. Abin da ruwan ya bari a baya shi ke yanke hukunci, kuma abubuwa uku ne: launin tafki, ɗuminsa, da halin da sama ta shiga bayan hadarin ya wuce.

Duba ruwan tukuna

Launi shi ne mafi sauƙin aunawa. Ɗaura wani farin abu a zarenka, ka sake shi a hankali, ka ga inda zai ɓace maka. Idan ya ɓace kafin taƙi ɗaya, wato kamar santimita 20, ruwa ya dame ke nan. Idan kana ganinsa har kamu ɗaya ko biyu, ruwa ya ɗan sirka ne kawai, kuma wannan shi ne ruwan da masu kamun bas ke addu'ar samu: kifi yana ganin abin da ka jefa, amma ba ya ganinsa sosai balle ya gane ƙarya ce. Idan kuwa ya wuce mita ɗaya kana hangensa, to ruwan saman bai taɓa wurin ba. A Jojiya da Karolina, inda ƙasa jar laka ce, mamakon dare ɗaya kan mayar da ƙarshen lungunan tafki jawur, alhali tsakiyar tafkin na nan garau. A tsakanin biyun akwai layi da ido ke gani, inda jan ruwa ya haɗu da mai haske. Dandamalin da wannan layi ya ratsa ya fi goma da ke nesa da shi.

Bas yana farauta da ido, amma yana da wani layin jijiya a kowane gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, da yake jin motsin ruwa da shi. Idan ruwa ya dame, ido ya rage amfani, wannan layi da kunne su ke ɗaukar aikin. Duk maganar da za ka ji ta "jefa mai girgiza" ko "jefa mai ƙara" daga nan ta samo asali.

Ɗumi kuwa ya fi launi haɗari, don ba a ganinsa. Jikin kifi yana bin zafin ruwa. Ruwan sama mai ɗumi a watan Maris ko Afrilu yana ɗaga zafin lungunan tafki, ya jawo kifi zuwa bakin gaɓa daidai lokacin da yake shirin zuba ƙwai, wanda yakan fara idan ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Selshiyos. Ruwan Yuli da Agusta yana sanyaya tafkin da ya yi zafi, ya ƙara masa iska, kifi ya farfaɗo. Amma ruwa mai sanyi a Disamba ko Janairu da ya zo da laka, tafki yana ƙasa da digiri 10, wannan babu abin da ke cikin akwatinka da zai yi maganinsa. Gara ka tada inji ka nemi inda ruwa ke da haske.

Sai sama. Idan ruwa ya ɗauke amma gajimare na nan, iska na kaɗawa, kifi yakan fito daga can ciki ya riƙa kewaya gefunan dandamali yana farauta. Idan kuwa hadari ya wuce gaba ɗaya, gari ya waye tas babu ko ɗigon gajimare, iska mai sanyi na busowa daga arewa, kifi yakan shige inda ya fi duhu ya manne da ginshiƙi, ba zai bi komai ba sai abin da ya faɗo masa a gaban baki. Masunta da yawa suna ɗora laifin a kan nauyin iska da ke hawa bayan hadari. Ni na fi karkata ga haske da rashin igiyar ruwa, amma ko wanne ne dalili, halin kifin ɗaya ne.

Akwai kuma abu na huɗu da ba ruwan sama ya kawo shi ba: irin dandamalin. Wani a kan ginshiƙai yake, an kafa su a ƙasan tafki, kamar yadda aka fi gani a tafkin Conroe kusa da Houston. Wani kuma shawagi yake yi a kan manyan tukwanen roba, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe, kamar na tafkin Lanier kusa da Atlanta da na tafkin Ozarks a Misuri, wanda aka samar da gina madatsar Bagnell a 1931, yanzu kuma dubban dandamali sun cika gaɓarsa. A ƙarƙashin mai ginshiƙai kifi yakan zauna a gindin ginshiƙi. A ƙarƙashin mai shawagi yakan rataye ne dab da tukwanen, ko da zurfin wurin ya kai mita takwas. Wanda bai kula da wannan ba zai yi ta jefa abu mai nauyi yana wuce kifi zuwa ƙasa inda babu kowa.

Masu gudu: sifina da ChatterBait

Waɗannan biyun su ne na ranar gajimare da ruwan da ya sirka ko ya dame, kuma su ne mutane suka fi gardama a kansu.

Sifina waya ce da aka lanƙwasa kamar buɗaɗɗen fil. A hannu ɗaya akwai kai na dalma da ƙugiya da siket na roba, a ɗaya hannun akwai faranti ɗaya ko biyu na ƙarfe da ke juyawa idan ana ja. Siffar farantin ita ce komai. Dogo siriri mai kama da ganye yana walƙiya sosai amma girgizarsa kaɗan ce, na ruwa mai haske ne. Zagayayye, wanda ake kira Colorado, yana dukan ruwa har ka ji a hannunka, kuma yana riƙe sifinar a sama ko da kana ja a hankali. Bayan ruwan sama wannan na biyun kake so, musamman mai ruwan zinariya ko wanda aka shafa wa ruwan lemo. Nauyin da ya fi dacewa shi ne gram 10 zuwa 14, wanda a jikin fakiti za ka ga an rubuta 3/8 ko 1/2 na oza. Siket fari da ruwan ɗorawa mai haske.

Babbar falalar sifina ita ce wayar nan tana kare ƙugiya. Za ka iya buga ta da ginshiƙi, ka ja ta a kan wayar dandamali, ka ratsa da ita cikin rassan da ruwa ya kwaso, ta fito lafiya. Kuma bugun da take yi da ginshiƙi shi ne sau da yawa ke sa kifi ya kai cafka. Aibinta kuwa ba ta shiga ƙarƙashi. Faranti da waya ba sa barin ta yi tsalle a kan ruwa, don haka iyakarta gefe da kusurwa da bakin ɗakin jirgi.

ChatterBait sabuwa ce idan aka kwatanta. Ron Davis na Karolina ta Kudu ne ya ƙirƙiro ta, ta yi suna a 2006 bayan Bryan Thrift ya ci gasa da ita a tafkin Okeechobee na Florida, daga baya kamfanin Z-Man ya karɓi yin ta. Kai ne na jig, wato kan dalma mai ƙugiya da siket, da aka maƙala wa ɗan faranti mai kusurwa shida a gaba. Idan ka ja, farantin na kaɗawa hagu da dama da ƙarfi yana bugun kan, abin yana tafe yana karkarwa. A ruwan da ya dame tana kiran kifi kamar sifina, wani lokaci ma fiye. Abin da ya bambanta ta shi ne dunƙulalliya ce, don haka mai hannu zai iya cilla ta ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin dandamali, sannan ya jawo ta dab da tukwanen roba inda kifi ke rataye. Sifina ba ta iya wannan.

Amma ƙugiyarta a buɗe take. Ta haɗu da katako ko igiyar jirgi, ta kama. Mai kyau daga cikinsu, irin wadda ake kira Jack Hammer, kuɗinta ya ninka na sifina ta gama-gari, kuma ba daɗi ka bar ta rataye a igiyar wani.

Idan za a tambaye ni, haka nake raba su. Dandamali mai ginshiƙan katako, da gicciye-gicciye da tarkacen da ambaliya ta kawo: sifina. Dandamali mai shawagi, ƙarƙashinsa fili, ko wanda ciyawa ta kewaye: ChatterBait. Ruwa mai sanyi da ake buƙatar ja a hankali ƙwarai: sifina mai babban faranti zagayayye guda ɗaya, domin ita kaɗai ce za ta ci gaba da bugawa ko da kamar ba ka ja. A ƙarshen Afrilu zuwa Mayu kuma, lokacin da ƙananan kifayen shad masu ruwan azurfa ke zuba ƙwai a jikin tukwanen dandamali da sassafe, duka biyun farare suna aiki, kuma gajimaren bayan ruwa yana tsawaita wannan cin har hantsi maimakon ya mutu da fitowar rana.

Jig, wanda ba ya fita daga lissafi

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in yi shekara da shi a gindin dandamali, jig zan ɗauka. Kai ne na dalma ko ƙarfen tangistin, da ƙugiya mai ƙarfi, da 'yan tsinkayen roba da ke kare bakin ƙugiyar, da siket, sannan a soka wata roba a baya mai kama da jatan landen ruwan daɗi ko ƙaramin kifi. Ba ya walƙiya, ba ya ƙara sai an saka masa kacau-kacau. Ƙarfinsa shi ne yana zuwa inda kifi yake, ya kuma jima a wurin.

Hanyoyi biyu ake kai shi. Ta farko ita ce a matsa kusa a lilo shi da gajeren zare ya sauka ba fantsama a gindin ginshiƙi, dabarar da Dee Thomas na Kalifoniya ya fito da ita a shekarun 1970, Denny Brauer kuma ya gina sunansa a kanta. Ruwan da ya dame yana taimakon wannan dabara, domin kifi ba ya ganin jirginka, kana iya matsowa mita uku ko huɗu. Ta biyu ita ce jifan tsalle, irin yadda yara ke jefa faffaɗan dutse a kan kududdufi ya yi ta tsalle kafin ya nitse. Da haka ake shigar da jig ta ratar da ba ta fi taƙi ɗaya ba tsakanin katako da ruwa, ya tafi mita huɗu ko biyar cikin duhu. Kifayen da ke can ciki su ne waɗanda sauran masunta ba su kai gare su ba. Gerald Swindle da Andy Montgomery na cikin 'yan gasar da aka sani da wannan jifa, kuma kallonsu zai sa ka ɗauka abu ne mai sauƙi. Ba mai sauƙi ba ne. Da manaɗin da ke zaune a saman sanda, kuskure kaɗan zare ya cukurkuɗe. A gwada a filin ruwa kafin a tunkari jirgin mutane.

Launi: baƙi da shuɗi idan ruwa ya dame. Sabon shiga yakan yi mamaki, ya ce ai duhu a cikin duhu ba za a gani ba. Akasin haka ne. A cikin laka launuka masu tsaka-tsaki narkewa suke yi, baƙi kuwa yana fitar da siffa sosai. Idan ruwa ya fara kwantawa sai a koma kore mai duhu da ruwan ƙasa, wanda ya yi kama da jatan lande da kuma bulugil, wani faffaɗan ƙaramin kifi mai kama da karfasa da ke zama a inuwar dandamali duk lokacin zafi.

Nauyi da robar baya su ne inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Gram 10 yana faɗuwa a hankali, ya fi sauƙin tsalle, ya dace da ruwan da bai kai mita biyu ba. Gram 14 ya fi idan akwai iska ko ruwa na gudu saboda an buɗe madatsa. Roba mai manyan hannuwa da ke kaɗawa tana rage saurin faɗuwa, tana kuma tura ruwa, wannan ita ce ta ruwa mai ɗumi da laka. Roba mai lafewa wadda ba ta motsi sosai ita ce ta sanyi da ranar da sama ta waye. Yawancin cafka tana zuwa ne yayin da jig ke faɗuwa a karon farko. Ba za ka ji komai ba, zare ne kawai zai yi ɗan tsalle, ko ya fara tafiya gefe. A bar zaren da ɗan sako-sako don jig ya faɗi a miƙe a jikin ginshiƙi, domin idan zare ya yi tauri zai janye shi daga ginshiƙin tun kafin ya kai ƙasa.

Ga dandamali mai shawagi kuwa, kada a bar shi ya nitse. A ɗauki fari, a cilla shi ciki, a jawo shi yana iyo ƙasa kaɗan da tukwane ana ɗan girgiza bakin sanda. A tafkin Ozarks wannan tsohuwar dabara ce ta lokacin kaka.

Inda jig ke da rauni shi ne jinkiri. Idan kifi ya warwatsu yana farauta a ƙarƙashin gajimare, mai sifina zai gama dandamali goma kafin mai jig ya gama uku. Kuma yana son kayan aiki masu ƙarfi: sanda mai tauri da zaren fulorokabon mai ɗaukar laba 15 zuwa 20, don kifi na farko da zai kama zai nemi naɗe zaren a ginshiƙi mai kaifi.

Senko: na ranar da kifi ya ƙi

Wannan sandar roba ce mai kama da alƙalami, Gary Yamamoto ya fito da ita a shekarun 1990. Tanar roba kanta ta girme ta nesa, tun 1949 Nick Creme ya fara zuba ta a Akron ta jihar Ohio. Abin da Senko ta zo da shi shi ne gishiri mai yawa a jikinta, wanda ke ba ta nauyin nitsewa ba tare da dalma ba. Idan aka soka ƙugiya a tsakiyarta, ɗaurin da ake kira waki, tana sauka a kwance, bakunanta biyu na rawa a hankali. Mai inci 5 ita ce ta kowa da kowa.

Babu abin da ya kai ta sauƙin tsalle. Da ƙaramin manaɗi na ƙasan sanda, wanda ba ya cukurkuɗewa, ko ɗan koyo zai iya shigar da ita ƙarƙashin dandamali a ranar farko. Kuma washegarin hadari, sama garau, ruwa bai dame ba, ita ce ke fitar da mutum kunya. Kifi na ganinka mai jar koma, don haka a tsaya nesa, a sa siririn zare, a jefa, a ƙirga a hankali har ta kai ƙasa, a ɗan ɗaga sau ɗaya, a naɗe a jefa gaba. Jinkirin faɗuwarta ma ya dace da kifin da ke rataye ƙarƙashin tukwane, domin tana jimawa a gabansa.

A ruwan da ya dame kuwa ina ganin ɓata lokaci ce. Ba ta tura ruwa, ba ta ƙara, sai ta faɗo wa kifi a ka kafin ya san da ita. Iska ma tana ja zaren ta lalata faɗuwar. Ga ta da saurin yagewa: kifi ɗaya ko biyu ta ƙare, sai dai a saka mata ɗan zoben roba a tsakiya a rataya ƙugiyar a jikinsa. Kuma tana jawo ƙananan kifi da yawa, wanda ga mai neman nishaɗi ba laifi ba ne, ga mai neman babba kuwa jig ya fi ta.

Sauran, a gurguje

Kifin roba mai leɓe murabba'i, wanda ke nitsewa mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi yana rangaji, ya dace da jerin ginshiƙai a ruwa marar zurfi da kuma duwatsun da ake jerawa a gaɓa tsakanin gida da gida. Leɓen ne ke bugun katako ya kauce. Ja ko ruwan ɗorawa mai baƙin baya a farkon shekara. Sai dai yana ɗauke da ƙugiyoyi masu baki uku har biyu, kuma kusa da igiyoyi da rigar jirgi wannan neman rigima ne.

Na saman ruwa, kamar bazbet mai farfela, lokacinsa gajere ne amma babu mai daɗinsa: ruwan saman lokacin zafi ya ɗauke yanzu-yanzu, ko ana yayyafi, tafki ya haura digiri 18, sama a rufe. A bi da shi ta gefen dandamali da ƙarƙashin 'yar gadar da ta haɗa shi da gaɓa. Baƙi ya fi. Rana na fitowa a ajiye shi.

Tanar roba da aka ɓoye bakin ƙugiya a jikinta, ɗaurin Teksas, tana da wuri guda da ta fi kowa. Wasu masu gidaje suna nitsar da rassan itace a gaban dandamalinsu don tara kifi. Idan ka ga fitila mai kallon ruwa da maƙalan sandunan fatsa a jikin katako, akwai yiwuwar rassa na ƙasa. A cikinsu tana ta fi jig ratsawa.

Ina za a fara jefawa

Zaɓen abin yaudara ba ya rabuwa da zaɓen wuri. Idan tafki na hawa saboda ruwan da aka yi, kifi na bin ruwan zuwa sama, don haka ƙarshen dandamali na wajen gaɓa, inda jiya ƙasa ce busasshiya, shi ne na farko. A nan sifina da jig mai sauƙi ke aiki, wani lokaci a ruwan da bai kai gwiwa ba. Laka ma tura kifi take yi sama da kuma jikin abu mai tauri. Idan hukumar madatsa ta fara sakin ruwa tafki na sauka, kifi na ja da baya zuwa ginshiƙan ƙarshe na wajen zurfi, sai a ƙara nauyi. Duk inda bututu ko 'yar ƙorama ke zubo ruwa kusa da dandamali, a tsaya a jima, domin tana da ƙwari na zuwa da wannan ruwa, ƙananan kifi na taruwa, manya na biye. Jifa ta farko a nan da mai gudu, sannan a bi da jig.

A rana guda ma abin na juyawa. Da safe gajimare, ChatterBait ko sifina na ci. Wajen azahar sama ta buɗe, cin ya tsaya cak. Kifin bai bar wurin ba, ciki ya shige. Dandamalin da ka wuce da safe su za ka koma wa da jig ko Senko, wannan karon ta gefen inuwa.

Wasu abubuwa kuma ba na kifi ba ne amma suna shafar abin da za ka saya da yadda za ka jefa. Kowace jiha a Amurka na da lasisin kamun kifi nata, kuma jami'ai na tambaya. A galibin tafkunan gwamnati ruwan na kowa ne, amma dandamalin na mai gida ne: ba a hawa, ba a ɗaure jirgi a jiki, kuma idan ƙugiyarka ta kama rigar jirgin wani ba a fizga. Wannan kaɗai dalili ne na fifita masu ƙugiya a rufe. Jihar New Hampshire ta hana jig da dalmar nitsarwa na dalma masu nauyin oza ɗaya ko ƙasa da haka saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye su, don haka a can sai na tangistin ko wani ƙarfe. Dandamali da yawa na da wutar lantarki, bayan hadari kuma waya na iya lalacewa wuta ta shiga ruwa. An sha rasa rayuka ta haka, har a tafkin Ozarks. Jig ɗin da ya maƙale a ƙasa bai kai a tsoma hannu ko a shiga ruwa dominsa ba, a yanke zare kawai. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka kuma na ba da shawarar a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a fita fili, sandar fatsa ta zamani kuwa da garafayit ake yin ta, wanda wuta ke bi.

Wanda ba shi da jirgi, a ƙafa yake bin gaɓa a wuraren shaƙatawa na gwamnati, lissafinsa ya ɗan bambanta. Ba zai iya zagayawa ya ciro abin da ya maƙale ba, don haka ChatterBait mai tsada da mai leɓe murabba'i ba nasa ba ne. Sanda ɗaya mai manaɗin ƙasa, sifina ɗaya mai zagayayyen faranti, jig baƙi da shuɗi na gram 10 guda biyu, da fakitin Senko mai launin kore sun ishe shi. Yana da wata dama ma da mai jirgi ba shi da ita: idan an yarda a yi fatsa a kan dandamalin gwamnati, yana iya sakin jig a miƙe a jikin kowane ginshiƙi ba tare da koyon jifan tsalle ba. Sai dai ya taka a hankali, domin ƙarar takalmi a kan katako tana sauka cikin ruwa, kuma ya fara jefawa daga gaɓa zuwa ginshiƙan farko kafin ya ɗora ƙafa a kai.